Baturiya, Inda Ruwa Yake Raba wa Kowa Lokacinsa

Wanda ya fita daga birnin Haɗejiya ya fuskanci gabas, ya shiga ƙasar Kiri Kasamma, ba zai yi nisa ba sai ya ga tudu da fadama suna karɓeɓeniya a gabansa, nan jigawa mai gero da wake, can kwari mai kaba da bagaruwa da giyayya, har ya isa wani gari da ake ce masa Baturiya, wanda bai kai manyan garuruwan masarautar Haɗejiya girma ba, amma sunansa ya kai kunnen masana a ƙasashen da mutanensa ba su taɓa takawa ba. A wannan yanki ne ruwan kogin Haɗejiya, wanda ya taso tun daga ƙasar Kano, yake rarrabuwa rassa-rassa, ya malale bisa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kafin ya gamu da na Jama'are su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi.

Dalilin zuwanmu can shi ne zagayowar ranar aurenmu, ni da mai ɗakina. Ko da yake raya irin wannan rana ba al'adar iyayenmu ba ce, mun ga cewa idan har za a tuna da ni'ima, to, mafi dacewa a tuna da ita ta hanyar tafiya cikin ƙasa da yin tadabburi a kan halittar Ubangiji, maimakon taro da israfi. Saboda haka muka fara yada zango a Birnin Kudu, inda Dutsen Habude da Dutsen Mesa suke, waɗanda a jikin kogonsu mutanen dauri suka zana siffofin shanu, kuma akwai duwatsun da in an buga su da ɗan dutse sai su yi amo kamar ƙarfe. Baturen nan Bernard Fagg, wanda ya yi bincike a wurin a tsakiyar shekarun 1950, ya rubuta cewa a al'adar garin akan kai amarya wajen waɗannan duwatsu lokacin bikinta, da jin haka sai uwargida ta ce, "Ashe, Malam, ba mu ne farkon waɗanda aure ya kawo nan ba." Daga nan muka bi ta Jahun da Kafin Hausa zuwa Haɗejiya.

Mun isa Baturiya cikin hunturu, lokacin da ruwa ya fara janyewa ya bar tafkuna nan da can. Da asuba, bayan an idar da salla, wani dattijo masunci ya ɗauke mu a kwalekwalensa, yana tura shi da gora mai tsawo, yana tsayawa wurin kowane tarkon da ya kafa tun jiya, ya ɗago shi, ya zazzage tarwaɗa da karfasa a cikin jirgi, ya tsince 'yan ƙanana ya mai da su ruwa ba tare da ya ce uffan ba. A bakin gaɓa kuwa an riga an hura wutar banda, ana lanƙwasa tarwaɗa ana soke wutsiyarta a baki, ana jera ta bisa waya cikin hayaƙi har ta yi baƙi ta bushe, sa'an nan a ɗura ta a kwali don fatake masu kai ta kasuwar Haɗejiya, daga can kuma ta wuce har kudancin ƙasar nan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a zaman mutanen wannan wuri shi ne yadda fili guda yake ciyar da masu sana'a dabam-dabam, kowa da lokacinsa. Da faɗuwar ruwan farko manomi yake shuka shinkafa a fadama, domin ta yi ƙarfi kafin ambaliya ta iso wajen watan Agusta. Idan ruwa ya cika, fadama ta zama ta masunci, kifi ya shiga cikin ciyawa ya hayayyafa. Idan ya fara ja, a yanke shinkafa, a bi laimar da ya bari da wake, masu injin ban-ruwa kuma su shiga noman alkama da tattasai da albasa. Idan rani ya tsananta, Fulani su gangaro da shanunsu su ci ɗanyar ciyawa da karan da aka bari, su bar taki a madadinsa. Mata kuma suna yankan kaba suna saƙa tabarmi da faifai da igiya. Hausawa da Fulani da Badawa da Mangawa sun daɗe a kan wannan tsari, kuma duk sa'ad da aka ji rigima tsakanin manomi da makiyayi, in an bincika za a tarar wani ne ya shiga kafin lokacinsa, ko kuwa ruwan ne bai zo yadda aka saba ba.

Akwai kuma baƙin da suke da nasu rabo, watau tsuntsaye. Ban da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela, a kowace shekara, idan sanyi ya kama ƙasashen Turai, agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa sukan keto Hamadar Sahara su sauka a nan, su zauna har wajen watan Maris sa'an nan su koma. Wanda ya ga ƙanƙantar jikinsu, ya kuma kwatanta nisan da suka yanko ba guzuri ba ja-gora, lalle zai ƙara yaƙini da ikon Mai arzuta su. Saboda su ne aka shigar da Baturiya, a shekarar 2008, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, fili mai faɗin hekta fiye da 100,000. A shekarar 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga dajin Baturiya zuwa matsayin gandun daji na ƙasa.

Amma fa mizanin nan na rabon ruwa ya karkata. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, kogin ya daina bin ɗabi'arsa ta cika da damina da ƙafewa da rani, ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacala take so, don haka ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zamana wasu gonaki sun nutse ba sa bushewa, wasu kuma ruwa ya daina isa gare su sam. A cikin kacalar ne tsuntsun janbaki yake samun maɓoya, ya fito dubbai ya auka wa shinkafa tana gab da nuna. Dattijon nan masunci ya nuna mana wani wuri da ta rufe ruf, ya ce, "Malam, nan da kake gani mashigi ne, da jirgi muke wucewa, yanzu ko da lauje sai mun yi gayya."

Ban ga laifin madatsa a kan kanta ba, domin birnin Kano yana sha daga gare ta, dubban manoma kuma suna ci. Sai dai shari'a da hankali sun haɗu a kan cewa na sama ba ya da ikon cutar da na ƙasa a sha'anin ruwa. Wajibi ne masu riƙe da makullan madatsun nan su riƙa sakin ruwa gwargwadon lokacin da fadama take bukatarsa, a kuma dage da yashe hanyoyin da suka toshe. Haka nan, tun da gandu ya zama na ƙasa, kada a ɗauki mai yankan itace da mai kiwo da mai su a matsayin abokan gaba alhali kuwa kakanninsu ne suka tsare dajin har ya kawo yau. A zauna da masu unguwanni da sarkin ruwa da arɗo, a shata inda za a taɓa da inda za a bari, a ɗauki 'ya'yansu aikin tsaro da ja-gorar baƙi, domin wanda yake cin moriyar abu shi ya fi kowa kishinsa.

Ga ma'auratan da suke neman inda za su kai kansu na 'yan kwanaki, ina ba su shawara su je tsakanin Disamba da Fabrairu, su kwana a Haɗejiya, su yi sammako, su fara gaida dagaci kafin su shiga daji, su biya mai jirgi haƙƙinsa da kyautatawa, su kuma sayi kifi da tabarma a hannun masu su. Kuɗin da baƙo ya bari a garin yana daga cikin abin da zai tabbatar wa mutanen Baturiya cewa tsuntsun da yake raye ya fi musu amfani a kan wanda aka harbe. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe wannan amana, amin.