Tarihi da Hukunci a Littafin Bazara da Kaka na Ƙasar Sin

Cikin tsofaffin littattafan ƙasar Sin akwai wani da ake kira Chunqiu, watau Bazara da Kaka. Tarihin masarautar Lu ne, daga shekara ta 722 zuwa ta 481 kafin haihuwar Annabi Isa. Labaransa gajeru ne ƙwarai, amma da yake Mansiyas ya jingina shi ga Kwanfushiyas, sai malamai suka ɗauka kowace kalma tasa ko dai yabo ce ko zargi.

Ga misali. A shekara ta 607 aka kashe Ling, sarkin Jin. Littafin ya ɗora kisan a kan waziri Zhao Dun, alhali kuwa ɗan'uwan wazirin, Zhao Chuan, shi ya aikata. Sharhin Zuo ya bayyana dalili: waziri ya gudu amma bai ƙetare iyaka ba, da ya komo kuma bai hukunta mai kisan ba. Ashe alhaki muƙami yake bi, ba hannun da ya zare takobi kaɗai ba.

Masana da yawa yanzu suna shakkar Kwanfushiyas ne mawallafinsa. Ko ma wane ne, wajibi ne mai nazari ya rarrabe abin da ya auku da hukuncin da aka yanke a kansa.