FASHIN BAƘI: Yadda gwamnati ke sayen aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da inda ake yin tuntuɓe

A cikin buƙatu biyar da masu zanga-zangar EndSARS suka miƙa wa gwamnati a watan Oktoban 2020, akwai guda da ba a cika tunawa da ita ba. Ita ce ta huɗu: a binciki lafiyar ƙwaƙwalwar dukkan jami'an rundunar SARS da aka rusa, a sake horar da su, sannan wata hukuma mai zaman kanta ta tabbatar da an yi hakan kafin a tura su wani aiki. Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya umarci jami'an su hallara a hedikwatar rundunar da ke Abuja domin a duba su.

Bayar da umarni ba shi da wuya. Nauyin yana cikin tambayoyin da ke biye da shi: wane ne zai yi binciken, da wace ƙwarewa, nawa za a biya shi, daga wane asusu, kuma ina za a ajiye abin da ya gano? Duk waɗannan tambayoyi ne na kwangila, kuma a cikin takardar kwangila ake gane ko alƙawarin gwamnati zai zama magani ko zai tsaya a jawabi.

Me ake saya, kuma wa ake saya wa?

Gwamnati na ɗauke da nauyi biyu a wannan harka. Na farko shi ne na ma'aikatanta: sojan da ya shafe shekaru a fagen daga a Arewa maso Gabas, da ma'aikaciyar jinyar da ke kwana a ɗakin gaggawa, da malamin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibansa a kan idonsa. Na biyu shi ne na sauran jama'a, tun daga mai fama da ciwon damuwa har zuwa matashin da ke son rabuwa da ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken.

Hanyoyi uku gwamnati ke bi ta sauke wannan nauyi. Takan yi aikin da ma'aikatanta a asibitocinta, irin na masu taɓin hankali da ke Barnawa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano. Takan biya ta hanyar inshorar lafiya, wadda ma'aikatan tarayya suka fara shiga a 2005, kuma dokar hukumar NHIA ta 2022 ta wajabta ta a kan kowa. Takan kuma ba da kwangila ga kamfani ko ƙungiya ko ƙwararre: ya kawo magunguna, ya horar da ma'aikata, ya tafiyar da layin wayar ba da shawara, ko ya riƙa zama da ma'aikatan wata hukuma. Wannan hanya ta uku ce ta fi buƙatar sa ido, domin a nan kuɗin jama'a ke fita zuwa hannun wasu.

Abin da doka ta ce

Har zuwa farkon 2023, dokar da ke iko da wannan fanni ita ce ta 1958, wadda ta samo asali daga wata dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916. Babban abin da ta dame ta shi ne yadda za a tsare mai taɓin hankali. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda ta tanadi kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa, ta kuma zayyana haƙƙoƙin majiyyaci, ciki har da ɓoye sirrinsa da kare shi daga wariya a wurin aiki.

Waccan doka ta faɗi abin da ya kamata ɗan ƙasa ya samu. Yadda za a kashe kuɗin da zai kawo shi kuwa yana ƙarƙashin Dokar Bayar da Kwangiloli ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP. Jihohi na da nasu dokokin, kamar Kaduna mai hukumar KADPPA, amma akasari tsarin iri ɗaya ne.

A taƙaice, ma'aikata za ta fara tantance buƙatarta, ta tsara shirin sayayya, ta tabbatar da akwai kuɗin a kasafi. Daga nan sai ta rubuta sharuɗɗan abin da take so, ta tallata, masu nema su miƙa takardunsu a rufe, a buɗe su a bainar jama'a, kwamiti ya auna. Idan kuɗin ya haura wani mizani, sai an sami takardar amincewar BPP. Ga kaya da gine-gine, ƙa'ida ita ce a ba wanda farashinsa ya fi sauƙi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Ga aikin ƙwararru kuwa dokar ta ba da damar a haɗa inganci da farashi a auna su tare.

Tuntuɓe na farko: sayen abin da ido ke gani

Tsarin kwangilar gwamnati ya saba da siminti da motoci, abubuwan da mai binciken kuɗi zai ƙirga da yatsa. Shi ya sa idan aka ware kuɗin lafiyar ƙwaƙwalwa, abin da ya fi saurin fitowa shi ne gini ko taron wayar da kai na yini ɗaya a ɗakin taron otal. Gini ana ƙaddamar da shi, taro ana ɗaukar hotonsa, dukansu suna da rasit. Amma sojan da ke firgita cikin barci yana buƙatar wanda zai riƙa ganinsa mako bayan mako, kuma wannan aiki ba shi da ranar yanke ƙyalle.

Tarihin ƙasar nan ma ya nuna cewa gini ba shi ne gaba ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majiyyata ke sauka da danginsu a gidajen mutanen ƙauye suna zuwa asibiti karɓar magani. Tsarin ya yi suna a duniya, kuma jarinsa shi ne mutane da kulawa mai ɗorewa.

Tuntuɓe na biyu: araha

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Idan aka ɗauki aikin ba da shawara kamar sayen takardun ofis, wanda zai ci gasar shi ne wanda ya fi rage kuɗin ma'aikata, domin a wannan aiki albashin ƙwararru ne mafi yawan abin da ake kashewa. Kamfanin da ya karya farashi zai sa wanda bai ƙware ba a kan waya, ko ya taƙaita yawan zaman da kowane mutum zai samu. A takarda an cika sharuɗɗa, idan sharuɗɗan ba su faɗi irin takardar shaidar da mai amsa waya zai riƙe ba, ko matakin da zai ɗauka idan wanda ya kira ya ce yana tunanin kashe kansa.

Maganin wannan yana cikin dokar 2007 ɗin kanta: a sanya aikin a rukunin ayyukan ƙwararru, a ba inganci maki mai nauyi, a saka likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam cikin masu rubuta sharuɗɗa da masu auna takardu.

Tuntuɓe na uku: kasafin shekara, ciwon shekaru

Kasafin kuɗi na shekara guda ne, kuma sakin kuɗin kan yi jinkiri. Hanyar da aka dakatar da aikinta za ta iya jira damina ta wuce. Majiyyaci ba haka yake ba. Maganin ciwon damuwa kan ɗauki makonni kafin a ga tasirinsa, kuma likitoci na ba da shawarar a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an sami sauƙi. Wanda ke shan maganin taɓin hankali mai tsanani, idan aka yanke masa farat ɗaya, yana cikin haɗarin ciwon ya dawo. Saboda haka kwangilar da ta ƙare a watan Disamba ba tare da shirin miƙa majiyyata ga wani ba na iya barin mutum a halin da ya fi na farko muni. Kwangila mai kyau takan faɗi tun farko abin da zai faru ranar da ta ƙare.

Tuntuɓe na huɗu: sirri

A nan mai biyan kuɗi daban ne, mai amfana daban, kuma sau da yawa mai biyan kuɗin shi ne ubangidan mai amfana. Ɗan sandan da ya san abin da ya faɗa zai isa teburin mai rubuta masa ƙarin girma ba zai buɗe baki ba. Tsoron yana da tushe, domin kundin hukunta laifuka na Penal Code da aka kafa wa Arewa ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi a sashe na 231, ga kuma tsangwamar da al'umma ke yi wa duk wanda aka ce ya ga likitan ƙwaƙwalwa.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta saka bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Ya kamata kwangila ta fassara wannan a aikace: hukuma ta karɓi alƙaluman jimla kawai, ba sunaye ba, a faɗi inda fayiloli za su zauna da wanda ke da ikon buɗe su, a kuma bayyana wa ma'aikaci tun farko yanayin da za a iya fitar da sirrinsa, wato idan ransa ko na wani na cikin haɗari.

Tuntuɓe na biyar: kasuwar da ba masu sayarwa

Gasar neman kwangila na amfani ne idan akwai masu nema da yawa. Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa likitocin wannan fanni da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma mafi yawansu na manyan birane. Idan hukuma ta ba kamfani kwangila, shi kuma ya ɗauko likitan asibitin gwamnati ya yi masa aikin, an matsar da likitan ne kawai daga layin talakawa zuwa wani layi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008 saboda irin wannan giɓi. Manufarsa ita ce a horar da likitocin da ba na ƙwaƙwalwa ba, da ma'aikatan jinya, da jami'an lafiya na matakin farko, su riƙa gano cututtukan da aka fi samu suna yi musu magani, ƙwararre na duba aikinsu lokaci-lokaci. Wannan dubawa ita ce ginshiƙin shirin, kuma ita ce aka fi saurin cirewa idan aka mayar da shi bitar kwana uku da takardar shaida.

Inda gwamnati ta bar giɓi, iyalai kan nemi mafita da kansu. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan gyaran hali a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa. A watan Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wurare daban-daban na ƙasar, har da wasu na gwamnati. Duk cibiyar da za ta karɓi kuɗin jama'a ya kamata a shiga a duba ɗakunanta kafin sa hannu, a kuma riƙa komawa ba tare da sanarwa ba.

Yadda Ingila ta sauya salo

Ingila ta daɗe tana ba da kwangilar ayyukan lafiya, kuma ta kai ga fahimtar cewa tallata aiki duk bayan 'yan shekaru na wargaza kulawa. Daga ranar 1 ga Janairun 2024 ta cire ayyukan kula da lafiya daga tsarin kwangila na gama-gari, ta yi musu ƙa'ida tasu. Ƙa'idar ta yarda a sabunta wa wanda ke aikin idan yana yin sa da kyau, bisa sharaɗin a bayyana hukuncin a fili, kuma farashi ɗaya ne kawai cikin ma'aunai biyar da ake dubawa.

Abin koyi na biyu shi ne awo. Shirin maganin tattaunawa na hukumar NHS, wanda aka fara a 2008, ya gindaya cewa kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka turo su fara samun kulawa cikin mako shida, kashi 95 kuma cikin mako 18, sannan ana wallafa adadin waɗanda suka warke. Arzikin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne, amma rubuta lokacin jira da sakamakon magani a cikin kwangila ba ya cin ko kwabo.

Ƙofofin da doka ta buɗe wa ɗan ƙasa

Dokar 2007 ta wajabta wa kowace hukuma ta gayyaci masu sa ido biyu a harkar bayar da kwangila, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararrun fannin, ɗaya daga ƙungiyar farar hula mai aikin yaƙi da rashawa. Ta kuma ce bayanan kwangilar da ba na sirrin ƙasa ba a buɗe suke ga jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Akwai shafin NOCOPO na hukumar BPP, da Budeshi na ƙungiyar PPDC wanda sunansa ya fito daga Hausa, da Tracka na BudgIT mai bin diddigin ayyukan mazaɓu.

Wanda ya ga layin lafiyar ƙwaƙwalwa a kasafin ma'aikata ko na jiharsa zai iya rubuta wasiƙa mai tambayoyi biyar. Wa aka ba aikin, kuma ta wace hanya? Su wane ne ƙwararrunsa, kuma wace hukuma ta yi musu rajista? Mutum nawa aka gani fiye da sau ɗaya? Wa ke riƙe da fayilolinsu? Me aka tanadar musu idan kwangilar ta ƙare?

Majiyyacin wannan fanni shi ne mafi ƙarancin iya kai ƙara. Wanda aka gina wa kwalbati mara kyau zai ɗauki hoto ya yaɗa, amma wanda ya kira layin ba da shawara cikin dare ba a ɗauka ba, da wuya ya faɗa wa kowa. Idan masu lafiya ba su yi waɗannan tambayoyi a madadinsa ba, babu mai yin su.