Makarantar Samaru da ilimin magina

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano a Sabon Maci cikin bazara ya san tsara gida ba wasa ba ne. Dare ya raba, bango bai huce ba, gumi na zuba, alhali zauren ƙasa na maƙwabci, mai rufin azara, sanyi ƙalau. Wannan bambancin ilimi ne, kuma akwai inda ake karanta shi.

Tsohuwar makarantar zanen gine-gine ta Najeriya tana Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ta ma girmi jami'ar. A Ibadan aka soma ta farkon shekarun 1950, ƙarƙashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, aka maido ta Zariya a 1955 tare da sashen zane-zane da sassaƙa. Sai a 1962 aka kafa jami'ar, ta gaji sassan biyu.

Malaman farko galibinsu Turawan Ingila ne, manhajar ma daga can aka ɗauko ta. Ɗaliban sashen zane-zane ba su haɗiye ta haka nan ba. A 1958 su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda aka laƙaba wa ƴan tawaye. Matsayinsu shi ne a karɓi dabarar Bature, amma a ɗora ta kan gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Nwoko kuwa, wanda zane ya karanta ba gini ba, ya ƙare yana gina gidaje masu shan iska da ƙasar da ke wurin, har aka ba shi lambar Zakin Zinariya a Venis a 2023.

A ganina, babban malamin makarantar nan ba ya cikin aji. Yana cikin birnin Zazzau: Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Tubali ne da azara, an lanƙwasa bakan gizo, an ɗaure rufi da ɗaurin guga, babu ƙarfe, babu siminti.

Ƴan Nijar masu son wannan karatu sun daɗe suna nufar makarantar EAMAU ta Lome, saboda Faransanci. Amma daga Maraɗi, ta Jibiya da Katsina, Zariya tafiyar yini ɗaya ce.