Dangantaka da Barbarar Furen Lili

Da farko dai, kada ɗalibi ya ɗauka lili shi ne bado. Bado na tafki ne, lili kuwa tsiron tudu ne mai gindi kamar albasa. Asalinsa Asiya da Turai da Amurka ta Arewa, kuma yana da iri wajen 100. A yau ƙasar Holan ce kan gaba wajen noma shi.

Burin mai barbara shi ne ya tara halayen iri biyu cikin tsiro ɗaya, misali ƙamshin wannan da launin wancan. Sai dai in dangantaka ta yi nisa, abin ba ya yiwuwa da sauƙi. Ko dai garin furen namiji ya kasa isa ga ƙwan mace, ko kuma ƙwayar ta samu amma ta mutu tun tana ƙarama. Wadda ta rayu ma, galibi kamar alfadari take, ba ta haihuwa, duk da cewa yawancin lili kuromosom 24 gare su. Tambaya ke nan: wane ne ɗan'uwan wane?

A 1949 Harold Comber ya kasa lili gida bakwai bisa abin da ido ke gani, wato yadda iri ke tsira, da jerin ganye, da siffar gindi. Ya sa Lilium longiflorum na tsibiran Riyukiyu da Lilium regale na ƙasar Sin a gida ɗaya, dukansu masu farin fure dogo kamar kakaki. Amma kama da wane ba ta wane. Binciken DNA daga ƙarshen shekarun 1990 ya nuna longiflorum ya fi kusa da dangin Asiyatik, regale kuwa ya fi kusa da dangin Oriyantal na Japan. Wannan ya yi daidai da abin da ake gani a kasuwa, inda haɗin LA (longiflorum da Asiyatik) da na OT (Oriyantal da dangin regale) suka yi fice.

A ganina, amfanin binciken bai wuce ya nuna wa mai barbara inda zai fara ba, domin ko a waɗannan haɗe-haɗen sai an ciro ƙwayar tun ba ta nuna ba an rene ta cikin kwalba. Don maganin rashin haihuwa kuwa, akan ninka kuromosom ɗin tsiron ya koma 48 da sinadarin kolcisin ko orizalin.