Salula da Yaro: Inda Suka Yi Kama, Inda Suka Rabu

A Cake, cikin ƙasar Mayahi, salula ta shiga hannun manomi da makiyayi. Ita ma ƙaramar kwamfuta ce, kuma abu uku gare ta. Akwai gangar jiki: gilashi, batir da ƴan ƙarafa. Akwai umurnin da maƙeranta suka dasa mata, shi ke sa ta kunnu in an latsa. Sai abin da mai ita ya zuba: lambobi, wa'azi, waƙa.

Wasu masana kan kwatanta mutum da ita. Jiki shi ne ganga. Tsotson nono da kuka, da su aka haifi jariri, ba wanda ya koya masa. Tarbiyyar gida, makarantar allo da lakkwal su ne zubi.

Amma misalin ya gurgunce wuri guda. Salula ƙerarriya take zuwa kasuwa, jariri kuwa bai gama ginuwa ba. Daga shigar ciki zuwa shekara 2, wajen kwana 1000 ke nan, ƙwaƙwalwa na girma da sauri, har ta kai kamar kashi 3 cikin 4 na ta babban mutum. In tamowa ta kama yaro lokacin nan, yadda ta kama dubban yaran jihar Maradi a 2005, malam zai sha wuyar zubi daga baya. Batir ana sake shi ranar kasuwa, ƙwaƙwalwa ba a sake ta.

Shi ya sa likita ke cewa nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa kar a ba shi. Bayan nan a ci gaba da nono, a ƙara kunun gero da ƙuli-ƙuli, wake, ƙwai da ganyen zogala.