Asalin Noma da Kafuwar Birane: Misalin Birnin Uruk

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa, ko da yake noma shi ne tushen birni, bai wadatar shi kaɗai wajen kafa shi ba. Za a kafa hujja da Uruk, wanda kufansa yake kudancin Iraƙi.

Masana kimiyyar tona kufai sun tabbatar cewa an fara noman alkama da sha'ir a yankin da ya haɗa Falasɗinu, Siriya, kudancin Turkiyya da arewacin Iraƙi, wajen shekara ta 9000 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma Uruk bai zama birni ba sai bayan shekara ta 4000 kafin haihuwarsa. Ke nan, manoma sun shafe kimanin shekara 5,000 suna zaman ƙauye. Me ya sauya?

Abu na farko shi ne ruwa. Ruwan saman da ake samu a kudancin Iraƙi ba ya isar shuka, don haka sai an jawo ruwan Kogin Furatu zuwa gonaki. Haƙa magudana da yashe ta aikin gayya ne, yana kuma bukatar mai tsara rabon ruwa. Ƙasar da aka shayar kuwa takan ba da amfanin da ya fi ƙarfin cin gidan manomi.

Abu na biyu shi ne makomar wannan rara. A shekarar 1950 Gordon Childe ya yi bayanin cewa tattara rarar hatsi wuri guda shi ya ba da damar ciyar da waɗanda ba sa noma, wato magina, masaƙa, maƙera da masu hidimar ɗakunan bauta. Shaidar Uruk ta ƙarfafa wannan ra'ayi. Rubutu ya ɓullo a can wajen shekara ta 3300 kafin haihuwar Annabi Isa, a kan allunan yumɓu, kuma mafi yawansu lissafi ne na sha'ir, tumaki da rabon abincin ma'aikata. Zuwa shekara ta 3100 faɗin birnin ya kai kadada 250.

A taƙaice, gona ita ta samar da hatsin, amma rumbu da mai riƙe da lissafinsa su suka tara jama'a. Saboda haka, mai nazarin asalin kowane birni ya kamata ya bincika hannun wa rarar ta shiga, da yadda aka raba ta.