Kalmar Da Ke Kai Yaro Gidan Mari

Bahaushe ba ya rasa sunan da zai laƙaba wa wanda ya ƙi bin magana. Yaron da aka aika ya noƙe, mai taurin kai ne. Wanda ake yi wa faɗa kullum bai fasa ba, mai kunnen ƙashi. Wanda ya tsaya kan ra'ayinsa ko an baje masa hujja, kafiya ce ke damunsa. In ya dubi babba ido cikin ido ya mayar masa da magana, an shiga tsaurin ido da fitsara. Wanda ya bar tafarkin da jama'a suka yarda da shi, musamman a addini, ɓatacce ne. Can ƙarshen layi kuma akwai kangararre, wanda iyaye da dangi suka ce ya gagare su.

Kowane suna yana tafe da maganinsa. Mai taurin kai a lallashe shi. Mai kunnen ƙashi a bar shi da duniya, tunda wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Ɓatacce a kai shi gaban malami ya yi masa nasiha. Wani lokaci ma gagarar takan zama abin yabo: maroƙa na yi wa sarki ko ɗan dambe kirari da gagarabadau, kuma Hajiya Gambo Sawaba, da aka sha ɗaurewa saboda siyasar jam'iyyar NEPU, yau jajirtacciya ake kiranta. Amma da zarar an ce wane ya kangare, magani ɗaya ne ke zuwa zukatan iyaye da dama: a kai shi gidan mari.

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kutsa wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, manya da yara. Duniya ta ga hotunansu: ƙafafu cikin mari, wasu an ɗaure su jikin ƙarfen ƙafar mota suna ja, bayan wasu duk tabon bulala. Cikin makonnin da suka biyo baya aka bankaɗo irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe na jiharta. Abin lura shi ne, yawancin mutanen nan ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su, har suna biyan kuɗi, da fatan a shiryar musu da su.

Su wane ne kangararrun? Akwai mai shan kodin ko tiramol ko wiwi. Akwai mai ɗauke-ɗauke. Akwai wanda ya ƙi makaranta. Akwai kuma wanda ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu, yana jin muryoyi ko yana surutai shi kaɗai. Matsaloli daban-daban, amma suna ɗaya ya haɗe su, sarƙa ɗaya ta ɗaure su.

A nan ne kalmar ke yin ɓarna. Kangara na nufin mutum yana iya bari, ya ƙi. Likitoci kuwa sun nuna cewa wanda ƙwaya ta kama ba haka lamarinsa yake ba. Yawan shanta na sauya yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, har jiki ya dogara da ita. Ranar da ya rasa sai ciwon jiki da zufa da amai da rashin barci su taso masa. Wasu cututtukan ƙwaƙwalwa kuma sun fi bayyana ne daga ƙarshen shekarun balaga zuwa shekara ashirin da 'yan kai, daidai lokacin da aka fi zargin matashi da rashin ji. Bulala ba ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Asibitocin ƙwaƙwalwa kuwa ƙalilan ne a Arewa, irin su na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano. Uban da ke ƙauye, ɗansa na fasa kayan gida da dare, malamin mari ya fi kusa da shi.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyata. Sai dai doka ba ta shiga zauren gida, inda ake yanke shawarar inda za a kai yaro. A can, kafin a ce ya kangare, ya kamata a tsaya a tambaya: me yake sha, tun yaushe ya sauya, yana barci, wa ya duba shi? Amsoshin ne za su nuna ko nasiha yake buƙata, ko sana'a, ko likita.